Turaren Inna Hajo

Akwai wata Laraba, ranar kasuwar garinmu, da har yau ba ta fita daga raina ba, duk da na daɗe ina aikin rele kuma na ga abubuwan da suka fi ta nauyi. Majo ce ta ce in rubuta labarin saboda ku sababbin shiga. Ta gaji da jin ina maimaita shi da baki, don kullum sai na tsaya a tsakiya na koma baya na gyara wani wuri. Ta ce in rubuta sau ɗaya in huta, ita ma ta huta.

Bari in fara da bayani saboda wanda bai san aikin ba. Garinmu yana tsakanin Cadawa da Agiye, nesa kaɗan da babbar hanya. Muna da likita ƙarama, kuma a wajenmu in an ce likita gidan ake nufi, ba mutumin ba. Shugabar likitarmu ita ce Majo, sunanta Falmata, Babarbariya ce daga gabas. Sama da ita akwai lokotoro a birni, wanda ake tura wa abin da ya fi ƙarfinmu. Rele kuwa mutum ne da gari ya zaɓa ya riƙa kai da kawowa tsakanin likita da gidaje. Ba ma yin allura, ba ma rubuta magani. Muna duba ƙananan yara, mu ƙirga numfashinsu da ɗan agogon da aka ba mu, mu auna damtsensu, in mun ga alamar haɗari mu turo su. Manya kuwa shawara kawai muke ba su.

Ni karatuna a lakol, wato makarantar boko, bai wuce sartifika ba, takardar gama firamare. Na san haka, shi ya sa duk abin da aka koya mana nakan riƙe shi da hannu biyu. Mutanen gari suna kirana In-fa, wai don ba na rufe magana sai na ce “in fa kaza ya faru?” Matata ce ta fara sa mini sunan, ranar da na dawo daga bakin masallaci don in duba ko na ɗaure akuya, alhali ita ta ɗaure ta a gabana. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Gaskiya ne.

Lokacin sanyi, bayan girbi, mura takan shiga kusan kowane gida. Abin da Majo ta yarda mu faɗa wa manya masu mura kashi biyu ne, na sha da na sirace. Na sha shi ne citta mai yatsu da kanumfari kaɗan, a tafasa, a sauke, a matsa lemun tsami, in akwai zuma a zuba, a sha da ɗumi. Zuma ban da jaririn da bai cika shekara ba. Na sirace kuma ganyen turare ne, wato dogon itacen nan mai farin jiki da siraran ganye, wanda aka shuka a bakin lakol da likita da wasu fadamu. A tafasa ganyen, a sauke tukunya daga wuta, a bari ta ɗan huce, mutum ya lulluɓa da zane ya shaƙi tururin. Ba a yi wa ƙananan yara saboda ƙuna. Majo takan ce waɗannan ba su ne ke korar mura ba, mura da kanta take tafiya, su dai suna buɗe hanci su sanyaya maƙogwaro kafin ta tafi. In akwai zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko tari ya daɗe, to a bar tukunya a zo likita.

A shekarar da nake magana, an saki gonaki ke nan, makiyaya sun fara saukowa daga arewa. Manoma sukan gayyace su su yada zango a gona, shanu su ci kara su bar taki. A cikinsu akwai wani gida da bai taɓa sauka wajenmu ba sai wannan shekara.

Ran Laraba da hantsi likita ta cika. Majo tana ciki tana awon mata masu ciki, layi ya kai bakin ƙofa. Sai na hangi wani Bafillace dogo, da malfa da sanda a kafaɗa, ya tsaya nesa da matan yana kallon ƙasa. Na san irin tsayuwar nan. In ba ka je ka same shi ba, zai tsaya har azahar ya juya. Na je na yi masa sallama, muka koma inuwa a bakin ƙofar likita. Ya ce sunansa Buba.

“Likita,” ya ce, “Inna ba lafiya.”

“Ni ba likita ba ne, rele ne. Me ke damunta?”

“Mura. Hanci ya rufe. Tari kaɗan.”

Na yi masa tambayoyin da aka koya mana, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Jikinta da zafi? A'a. Tana cin abinci? Tana shan fura, tana faɗa da kowa. Ƙirji na ciwo? A'a. Numfashi fa? Daidai. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa da ita. Ya yi murmushi ya ce ta rantse ba za ta hau amalanke saboda mura ba, kada mutane su ce ta tsufa.

Sai na ba shi shawarar nan guda biyu. Na ce ya sami turare a tafasa ta yi sirace. Na ce ya sami citta da kanumfari da lemun tsami a tafasa ta sha da ɗumi. Kowace magana na faɗa yana cewa “To.” Na tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane. Na sake tambaya, kamar yadda na saba, ya sake cewa ya gane. Na ce gobe da safe zan je in gan ta da idona, ina suka sauka? Ya nuna gabas da sandarsa ya ce gonar Alhaji, bayan tabki. Muka yi sallama. Na koma aikina da zuciya sake, har ina jin daɗin cewa ban bar komai ba.

Bayan sallar la'asar kasuwa ta fara watsewa, na biya teburin Ɗan Jimma in saya wa matata citta. Ɗan Jimma taubashina ne, ɗan gwaggona, tare muka shiga lakol aka kore shi kafin ni. Teburinsa babu abin da babu, kayan yaji a gefe guda, sabulu da madubi da kwalaben turare a ɗaya gefen. Tun daga nesa ya fara dariya.

“In-fa, ashe haka kake sona ban sani ba? Ka ci gaba da turo mini su. In kasuwa ta yi kyau zan saya maka kwaɗo na biyu ka ƙara a ƙofarka.”

“Su wa na turo maka?”

“Bafillacenka mana. Wanga dogo mai malfa. Ya sayi citta, ya sayi kanumfari, sannan ya ce in ba shi turare, wanda ya fi kowanne ƙarfi. Na ce amarya za ka yi? Ya ce a'a, maganin Inna ne, likita ya ce a tafasa duka ta sha.”

Cittar da ke hannuna ban san lokacin da ta faɗi ba. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, amma dariyar ta fara raguwa, don ya ga fuskata.

“Wane turare ka ba shi?”

Ya nuna mini irinsa. Ba na mai ba ne da ake shafawa da tsinke. Na ruwa ne, irin wanda in ya taɓa fata za ka ji sanyi, in kuma ya kusanci wuta sai ya kama. Kwalba biyu ya saya, tun kafin azahar.

“Kai kuma ba ka hana shi ba?”

“Ni wa ne da zan musa wa likita? Ba ku ne kuka zo kuka ce a zuba gishiri da sukari a ruwa a ba yaro mai zawo ba? Wa ya yarda da ku da farko? Na ce wataƙila wani sabo ne anka kawo maku daga birni.”

Maganarsa tana kan hanya. Mu a garinmu in an ce turare ana maganar mura, ko yaro ya san ganyen ake nufi. Amma Buba daga arewa ya zo, inda itacen bai yawaita ba, kuma Hausa ba harshen gidansu ba ce. Shi turare ɗaya ya sani, na kwalba. Tafasawa biyu da na faɗa masa kuma sun haɗe a kansa sun zama tukunya ɗaya.

Na ruga likita. Majo tana wanke hannu, ta sallami mace ta ƙarshe. Na faɗa mata komai a tsaye, numfashina yana yankewa. Ta goge hannunta, ta ce in faɗi kalmomin da na faɗa wa mutumin daidai yadda na faɗe su. Na faɗa.

“Ka ce ganye?”

Na tsaya na bi maganar daga farko. “A'a, Majo. Turare kawai na ce.”

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Saurara, Isuhu.” Ita kaɗai ke kirana da sunana na gaskiya. “In ta sha, kada ka bari a sa ta amai, kada a ɗura mata komai, ko madara. In tana layi ko barci na ɗaukarta, ku kwantar da ita a gefe, ku ɗoro ta a amalanke ku taho. Ka kawo mini kwalbar in ga abin da aka rubuta a jiki. In ka sami rezo, wato sabis na waya, ka kira ni, ni kuma ina nan, ba zan tafi gida ba.”

Muka fito tare. A bakin ƙofa ta miƙa hannu sama ta karyo reshe ta danƙa mini. Ta ce in tafi da shi. Sai a lokacin na ɗaga kai. Inuwar da na ja Buba muka tsaya a cikinta da safe, inuwar itacen turaren ce. Ganyensa yana kusan taɓa malfarsa muna magana. Da na ɗaga yatsa ɗaya na nuna, da duk wannan bai taso ba.

Ɗan Jimma ya riga ya rufe tebur ya bar wa maƙwabcinsa, ya zo da motonsa, wato babur, yana jirana. Na hau bayansa muka tafi.

Hanyar gabas rairayi ce. Moto yana tafiya yana wutsil-wutsil, wani wuri sai na sauka na tura. Ni kuwa kaina bai huta ba. In fa ta sha tun da azahar? In fa tsohuwar ba ta da ƙarfi kamar yadda ɗanta ya faɗa? In fa sun zuba turaren a tukunya tana kan wuta, wuta ta tashi ta kama bukka, ga kara busasshe ko'ina? In fa mun iske ana haƙa kabari? Ashe a fili nake faɗa. Ɗan Jimma ya ce, ba tare da ya juyo ba, “In-fa, don girman Allah ka bar guda ɗaya ta ƙare kafin ka ɗauko wata. Tuƙi nake yi.”

Da muka wuce tabki sai wata matsala ta fito. Alhazai biyu ke da gona a wajen, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama, kuma kowace an ce Fulani sun sauka. Muka bi ta dama don ta fi kusa. Muka iske wani gida da na sani, sun daɗe suna zuwa, har na taɓa auna yaransu. Suka ce babu Buba a nan, baƙin bana suna can hagu, wajen itatuwan gawo. Maigidan ya ce mu sauka mu sha nono. Na ce wani lokaci. Ya dube ni ya ce lafiya dai? Na ce Allah Ya sa. Na duba waya, babu rezo ko kaɗan.

Muka yanke ta cikin gonaki, kututturan gero suna dukan ƙafafunmu. Rana ta yi ƙasa sosai. Kafin mu hangi bukka ko saniya, iska ta kaɗo daga gabas, sai ƙamshi ya buge mu. A tsakiyar gona, inda babu abin da ya kamata a ji sai warin kashin shanu da hayaƙi, ƙamshi ne kamar an buɗe ɗakin amarya.

Ɗan Jimma ya tsayar da moto. Ya ce a hankali, “Kayana ne.”

Abin da ya zo mini shi ne an tafasa, tururin ne ya cika daji haka. Na sauka na ci gaba da ƙafa, reshen a hannuna, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Na fara ganin tukunya a kan murhu, wata matashiya tana tsugune a gabanta. Sannan Buba, yana kama maraƙi. Sannan, a bakin bukka, wata tsohuwa ƙanƙanuwa a kan tabarma, ta lulluɓa da baƙin bargo, zaune sosai, ƙoƙo a hannunta tana kurɓa. Ban yi sallama ba, Allah Ya yafe mini. Na ce da ƙarfi, “Inna, aje ƙoƙon nan.”

Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ƙara kurɓa, sannan ta tambayi ɗanta wani abu da Fillanci. Buba ya saki maraƙi ya zo da sauri ya ce, “Inna, shi ne likitan.”

“A'a,” ta ce da Hausa. “Wannan ne Kaɗon da ya ce in sha turare?”

Na durƙusa na karɓi ƙoƙon daga hannunta, na kai hanci. Citta ce da kanumfari da lemun tsami. Na sake shinshinawa, don ƙamshin turaren ya cika wurin har ba na yarda da hancina. Na ɗanɗana. Citta ce, ta ji wuta, ta yi yaji yadda ya kamata. Na je na duba tukunyar, na ɗanɗana ita ma. Babu komai sai abin da ya kamata ya kasance a ciki.

Na tambayi matashiyar, wadda ita ce matar Buba, ko an zuba turaren ko ɗigo ɗaya. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta girgiza kai. Sai na zauna a ƙasa kawai, a kan kara. Ɗan Jimma ya iso yana tura moto, ya dube ni, ya dubi tsohuwar, ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya sake cewa, sannan ya zauna shi ma.

Sunanta Inna Hajo. Ita ta ba mu labari da bakinta, Hausa tana haɗawa da Fillanci, Buba yana cike mata inda ta tsaya. Da ya dawo daga kasuwa ya ba matarsa kayan ya ce a zuba duka a tukunya. Matar ta buɗe kwalba ɗaya za ta zuba, ƙamshi ya kai wa tsohuwa duk da hancinta a toshe yake. Ta ce a kawo mata. Ta shinshina, ta ce wannan ba abin ciki ba ne. Buba ya ce likita ne ya faɗa. Ta ce a kamo mata akuya. Akwai wata jar akuya a gidan da ta taɓa cinye musu sabulu da rabin tabarma. Aka ɗiga turaren a tafin hannu aka miƙa mata. Akuya ta shinshina, ta yi atishawa, ta tsinke ta gudu.

“Wannan akuya,” in ji Inna Hajo, “ta ci takalmin Buba. In ita ta ƙi abu, ni Hajo ba na sa shi a bakina, ko lokotoron Maradi ne ya aiko.”

Daga nan ta ce tun da an riga an saya, ba za a yi asara ba. Tun rasuwar mahaifin Buba babu wanda ya taɓa saya mata turare. Ta shafa a bargo, ta shafa a wuya, ta shafa wa surukarta, ta shafa wa jikokinta, har ƙwaryar nono ta so ta shafa aka hana ta. Shi ne abin da ya tarye mu a hanya.

Buba yana tsaye kansa a ƙasa, kunya ta rufe shi. Na tashi na miƙa masa reshen. Na ce wannan shi ne turaren da nake nufi, ganyensa ake tafasawa, kuma ba sha ake yi ba, tururin ake shaƙa. Na murje ganye ɗaya na kai masa hanci. Ya shinshina, ya juya reshen, ya ce, “Wannan? Ai a ƙarƙashinsa muka tsaya.”

Na ce, “A ƙarƙashinsa muka tsaya.”

Inna Hajo ta karɓi ganyen ta shinshina ita ma. Ta ce, “Ku Haɓe kun ƙare da sunaye ne, da za ku ba itace sunan kwalba?” Ɗan Jimma ya ce ta bar ni haka, ni kaɗai ne a gari nake rufe ƙofa sau uku in bar taga a buɗe. Ta yi dariya har tari ya kama ta, ni kuma na matsa ina sauraron tarin.

Na yi abin da ya kawo ni. Na taɓa goshinta, babu zafi. Na ciro agogona na ƙirga numfashinta, duk da an ba mu shi ne don yara, na same shi a natse. Na nuna wa surukar yadda ake siracen, muka sa wata tukunya dabam, muka sauke ta nesa da jikoki, muka jira ta huce, muka lulluɓe tsohuwa. Daga cikin bargo muna jin muryarta tana cewa wannan turaren na matalauta ne, amma yana buɗe hanci.

Har mun yi shirin tafiya sai abu ya dawo mini. Majo ta ce in kawo kwalba. Aka ba ni wadda aka buɗe, saura kaɗan a gindinta. Na ce Ɗan Jimma ya ce biyu ya sayar. Ina ɗayar? Surukar ta dubi Buba, Buba ya dubi ƙasa. In fa wani yaro ya ɗauka? In fa tana cikin kara, gobe wani ya tsinta ya sha?

Inna Hajo ta yaye bargo, fuskarta duk zufa. Ta ce, “Kaɗo, kai ba ka gajiya?” Ta miƙa hannu cikin bukka ta jawo wani ƙunshi da aka ɗaure da igiya tam. Ta kwance. Farin ƙyalle ne sabo, a ninke, kwalbar tana tsakiyarsa ba a buɗe ba.

“Likkafanina ne,” ta ce. “Na daɗe da ajiye shi, turare ne babu. Kullum ina so in ce Buba ya sayo, ina jin nauyin kada ya ce ina kiran mutuwa. Yau ga shi ka sa ya sayo. Wannan ba mai taɓa shi sai masu wanka.”

Buba ya juya ya koma wajen maraƙinsa, ya daɗe yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Ta mayar da ƙunshin, ta ɗaure, ta tura can ƙarƙashin shimfiɗarta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na duba wurin da idona, na yarda.

A hanyar dawowa, da muka hau tudun tabki, rezo ya shigo. Na kira Majo na ce ba ta sha ba. Na ji ta sauke numfashi. Sannan ta ce wa ya hana ta? Na ce akuya. Ta ce in zo in yi mata bayani a zaune.

Washegari Inna Hajo ta zo likita a kan amalanke, wai ba don mura ba, don ta ga itacen da idonta. Majo ta duba ƙirjinta ta ce mura ce kawai. Da yake Barebari da Fulani abokan wasa ne, Majo ta ce mata yau baiwarta ta zo gaishe ta da ƙamshi. Inna Hajo ta ce ita ta zo duba bayinta ne, ta ga ko suna aiki, ta iske suna rubuta wa mutane turare.

A taronmu na ƙarshen wata Majo ta sa na ba sauran rele labarin, kuma daga ranar ta kafa mana ƙa'ida. Duk abin da za a iya nunawa, a nuna shi. Duk shawarar da ta kasu biyu, a raba ta biyu, a gama da ɗaya kafin a shiga ɗaya. Kuma kada a tambayi mutum “Ka gane?” A ce masa, “In ka koma gida me za ka yi?” a yi shiru a saurara. Ni na tambayi Buba sau biyu ko ya gane, kuma bai yi mini ƙarya ba. Ya gane abin da ya ji. Mutumin kirki, musamman baƙo mai kunya, zai ce maka “To” don ya girmama ka, ya kuma tafi ya aikata abin da ya ɗauka ka faɗa, daidai, ba ragi, saboda ya yarda da kai. Wannan yardar ita ce ta fi ba ni tsoro a aikin nan, kuma ita ce ta sa ban bar shi ba. Na kuma koyi cewa ba ni kaɗai nake tsaron mutane ba. Ina can ina tura moto cikin rairayi ina ganin komai a wuyana yake, ashe tsohuwa ta riga ta yi shawara da hancinta da akuyarta.

Tun daga lokacin, in sanyi ya shigo, jakata ba ta rabuwa da ganyen turare da ɗan guntun citta. Za ku ji ana yi mini dariya a kai, ku ma kuna iya yi.

Gidan Buba kuwa sun riƙe gonar nan ta wajen gawo, duk shekara in an saki gonaki nan suke sauka. Ina jin labarin isowarsu nakan ɗauki jaka in tafi, gabana yana faɗuwa har in hangi bakin bukka. Bana ma na je. Tana zaune a kan tabarmarta, ta ƙara ƙanƙancewa, idonta ya rage gani, amma ta gane tafiyata. Kafin in gama sallama ta miƙa hannu ƙarƙashin shimfiɗa ta jawo ƙunshin, ta kwance, ta ɗaga kwalbar ta girgiza ta kusa da kunnenta.

“Kaɗo,” ta ce, “bana ma ba a buɗe ba.”

Na ce Allah Ya sa baɗi ma haka. Na ciro ganye daga jaka na ba surukarta, na ce ta faɗa mini me za ta yi da shi.